Amsoshin Wasiƙunku: An Ɗage Haraji, Me Ya Hana Magani Araha?

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani mai sayar da hatsi a Unguwar Mu'azu, Kaduna. Ya ce maganin hawan jinin da yake saya wa mahaifiyarsa ya yi tsada har ya fara tsallake mata kwana. Ga shi kuma ya ji an ce ƙasashen Afirka sun yi yarjejeniyar ciniki ba haraji. To, ina arahar? Kuma ko ya sayi na masu talla a tasha, tunda ya fi sauƙi?

To malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ne akwai yarjejeniyar. An ƙulla ta a Kigali a 2018, Nijeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Amma ka lura, rangwamen na kayan da aka yi a cikin Afirka ne, kuma sannu a hankali ake rage harajin. Mu kuwa yawancin maganinmu daga Indiya da Sin yake zuwa, su kuma ba sa ciki. Har kamfanoninmu na gida ma, sinadarin haɗin daga can suke sayowa, da dala.

Nan gizo ke saƙa. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wato ko da kwastan ba su karɓi ko kwabo ba, sai kuɗin magani ya tashi. Shi ya sa a Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin ɗage haraji na shekara 2 kan injuna da kayan haɗa magani da sirinji, don a riƙa yin su a gida.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Dokar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 1995 ta ba wanda ya ƙirƙiro sabon magani shekara 20 ba mai kwaikwayonsa sai da izini. In wa'adin ya cika, wasu kamfanoni kan yi irinsa da araha. Magungunan hawan jini da yawa sun wuce wannan wa'adi. Saboda haka ka tafi da kwalin wurin likita ko ƙwararren mai haɗa magani, ka tambaya ko akwai mai sinadari iri ɗaya na wani kamfani. Kada ka canja da kanka, kada kuma ka ƙara tsallake mata kwana, don hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Na tasha kuwa, malam, araha ba ta ado. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga waje. Yarjejeniyar ciniki ba ta soke binciken hukumar NAFDAC ba. Ka duba lambarta a jikin kwali, da ranar da maganin zai lalace. In akwai wurin kankarewa, ka kankare ka tura lambar ta waya, za a gaya maka ko na gaske ne.

Da fatan ka gamsu. A gaida Hajiya da jiki. Sai mun ji daga gare ku.