Jawabi Kan Sankarar Mama da Nauyin da Ke Kan 'Yan Hanwa Mazauna Birane



Mu ba likitoci ba ne, alli muka riƙe har muka yi ritaya. Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne tambayar da wani ɗanmu mazaunin Legas ya yi mana. Sankarar mama ta ci jikin mahaifiyarsa, ya ji labarin wata hanya ta zuba magani kai tsaye cikin jijiyar da ke ciyar da ciwon, yana neman shawara ko ya sayar da filinsa ya fita da ita waje.

Ga yadda abin yake. Maganin sankara da aka saba, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, ya zaga jiki duka. A wannan hanya kuwa, likita kan zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya ko ta hannu, ya bi da shi har jijiyar da ke kai jini ga maman, sannan ya saki maganin. Kamar mai lambu ne ya ja ruwa zuwa kwami guda. A Amurka aka fara gwada dabarar wajajen 1950, likitocin Japan kuma suka daɗe suna amfani da ita. Takan sa ƙullutun ya motse, gyambon ya lafa, wani lokaci har tiyata ta yiwu. Amma ba a tabbatar tana ƙara tsawon rai fiye da hanyar da aka saba ba, domin ciwon da ya tsufa sau da yawa ya riga ya aika 'ya'yansa huhu da hanta da ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin 670,000 wannan cuta ta kashe. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 kan wuce shekara biyar da gano ta. A Afirka ta Kudu kimanin 40 ne. Babban dalili shi ne makara. Mu ma shaida ne: uwa ta ji ƙullutu, kunya ta hana ta faɗa, a ce jifa ne, a kai ta wajen wanzami ya yi sakiya. Sai wari ya tashi sannan a nemi mota. Abin takaici, asibitin koyarwa na Shika, mai sashen sankara, yana nan bakin ƙofarmu kan hanyar Funtuwa, kuma yana cikin asibitoci shida da asusun tallafin masu sankara na tarayya ya fara da su a 2021.

Ɗan namu mun ce masa ya bar filin tukuna, ya fara zama da likitocinta a Shika. Ku kuma da ke Kaduna da Abuja, in kun bugo waya gida, ku sa matanku su tambayi iyaye mata abin da ku ba za ku iya tambaya ba. Muna kuma roƙon kwamitin walwala ya ware kuɗin mota da na gwajin farko kafin taron baɗi.