Safaya da Gwajin Lafiyar Mota

Jama'a, akwai wata tambaya da masu motoci kan yi duk lokacin da sabunta takardu ya gabato: shin mota tana cin gwajin lafiya ba tare da safaya ba, wato taya ta biyar wadda ake ajiyewa saboda ko-ta-kwana? A Nijeriya dai doka ba ta bar wurin gardama ba. Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa na 2012 sun wajabta wa mota ta ɗauki safaya mai lafiya. Ma'aikatan duba motoci na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, sukan nemi ganinta kafin su ba da takardar shaidar lafiyar mota. Haka kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sa tuƙi ba safaya cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu.

To, daga ina ruɗanin ya taso? Daga Turai. A Ingila, inda aka soma gwajin lafiyar motoci a 1960, ba a kayar da mota don ba ta da safaya. Tayoyin da suke taka ƙasa su ake dubawa. Masu ƙera motoci da yawa kuma sun daina sa ta, don rage nauyi da shan mai, sai su ba da gwangwanin ruwan liƙe huji da ɗan famfon lantarki a madadinta. Irin waɗannan motoci su ne ake shigowa da su na hannu ta tashar jiragen ruwa ta Ikko, mai saye ya biya kuɗi bai ko ɗaga shimfiɗar but ya leƙa ba. Amma dokar Ingila ba ta bin mota zuwa Apapa. Ruwan liƙi kuwa ƙusa kaɗai yake iya wa. Idan rami ya tsaga gefen taya, ba shi da wani amfani, kuma wanda hakan ta same shi da dare tsakanin Damaturu da Maiduguri, da mata da yara a mota, ba mai faci zai gani nan kusa ba.

Sai dai ba kowace taya da aka jefa a but ce safaya ba. Nan ne direbobi da dama suke cutar kansu, su ɗauki suɗaɗɗiyar da suka cire su ajiye, don kawai a nuna wa ma'aikaci. Akwai ma masu aron ta maƙwabci ranar gwaji su mayar da yamma, kamar dai ma'aikacin ne zai kwana a daji ba su ba. Zanen taya kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6. A jikin kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira: 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ƙira. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa taka kwalta ba, balle wadda ta shekara tana gasuwa cikin zafin but.

Wasu motoci suna zuwa da siririyar safaya. Wannan ta kai mutum wurin gyara ce kurum, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma tana bukatar iska fiye da sauran.

Kafin ranar gwaji, mai mota ya sa a auna iskar safayarsa, ya gwada jak ya ga yana ɗagawa, ya kuma tabbata sifanar kwance taya ta dace da notocin motarsa, domin sau da yawa ta wata mota ce dillali ya saka.