Harbi Da Mantuwa: Abin Da Ya Kamata Talaka Ya Sani

Wannan ita ce laccar da magatakardan jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa da sauran membobi a ofishinmu na Nassarawa, Kano.

Ya ku 'yan'uwana talakawa, maganata ta yau a kan bindiga ce da ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. Ranar da aka yi harbi a bakin kasuwa, mu ne gawa, mu ne kuma shaidu.

Ku tuna abin da ya auku a Zariya cikin watan Disamba 2015, tsakanin soja da 'yan Shi'a mabiya Malam Ibrahim Zakzaky. Soja suka ce an nemi kashe shugabansu ne, Janar Buratai. 'Yan Shi'a suka musa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Garba ya ba da rahoto cikin 2016, ya ce mutum 348 suka mutu, da soja ɗaya, kuma an rufe 347 cikin kabari guda. To, in baki biyu suka saɓa haka, da me za a yi hukunci? Da abin da mutane suka tuna. Nan gizo ke saƙar.

Da yawanmu muna zaton ƙwaƙwalwa kamar littafin bashi take, abin da aka rubuta yana nan daram. Ba haka ba ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa, ya tarar yawancin mantuwa cikin sa'o'in farko take aukuwa. Cikin 1974 kuma, a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota. Waɗansu 50 aka tambaye su gudun motocin sa'ad da suka ragargaje, waɗansu 50 aka ce sa'ad da suka bugi juna. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? Na farko 16 suka ce i, na biyu 7 kaɗai. Alhali kuwa babu gilashi ko kaɗan cikin fim ɗin. Watau kalma ɗaya ta mai tambaya ta shuka musu abin da ba su gani ba.

To, mai harbin fa? Cikin 2002 wata masaniya, Alexis Artwohl, ta ba da labarin 'yan sanda 157 na Amurka waɗanda suka taɓa shiga harbi. Kashi 84 cikin ɗari suka ce ƙara ta dushe musu a kunne, 79 suka ce ganinsu ya ƙuntata ga abu guda, 52 suka ce wani sashe na abin ya ɓace musu. Tsoro kan maƙale ido a wuri ɗaya, kuma abin da mutum ke jin tsoro shi yake gani. Haka aka yi a birnin New York cikin 1999: wani ɗan Gini mai talla, Amadou Diallo, ya zaro walat, 'yan sanda huɗu suka ce sun zaci bindiga ce, suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi.

Jama'a, ku lura da kyau. Ban ce mantuwa ta wanke mai harbi ba. Abin da na ce shi ne, mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, amma maganarsa ba daidai ba. Saboda haka bai kamata bakin mai kaki kaɗai ya rufe shari'a ba. Sashe na 33 na tsarin mulki na 1999 ya ba kowa hakkin rai, kuma cikin 2019 an sake gyara dokar 'yan sanda mai lamba 237 wadda ta faɗi lokacin da ya halatta a harba. Muna neman duk ran da rai ya salwanta a ƙirga harsashin da aka fitar da wanda aka mayar, likita ya duba gawa ya rubuta, a kuma ɗauki maganar kowane ɗan sanda shi kaɗai, kafin su haɗa baki.

Mu ma akwai namu aikin. In ka ga harbi, rubuta a ranar, da boko ko da ajami, ko ka sami mai rubuta maka. Faɗi lokaci, ko bayan azahar ne ko la'asar, da wurin da kake tsaye. Yi wannan kafin ka zauna majalisa, domin hira takan gauraya naka da na wani. In ka ɗauki hoto da waya, adana shi. Raba abin da ka gani da abin da ka ji an ce. In aka tambaye ka abin da ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Shaidar zur ba ta taimakon mamaci, sai dai ta ba lauya ƙofar rushe ta gaskiya.

Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis, ni zan rubuta masa, ba ko kwabo. Allah ya ba talaka sawaba. Wassalam.