Jan Biro Ba Ya Koyar da Rubutu



Kukan da muke yi a ɗakin malamai kowa ya haddace shi: yaran yanzu ba su iya rubutu ba, laifin firamare ne, laifin waya ne. Ba sai na maimaita ba. Yau labarin wata malama na kawo muku, Mina Shaughnessy, wadda ta tarar ana irin wannan kuka ta ƙi sa baki.

An haife ta a 1924 a Lead, garin masu haƙar zinari a jihar Dakota ta Kudu a Amurka. Ba ta da digirin digirgir. A 1967 ta kama aiki a City College da ke birnin Niyok, tana koya wa 'ya'yan talakawa rubutu. A 1970, bayan boren da ɗalibai baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico suka yi a 1969, jami'ar birnin, wadda City College ke ƙarƙashinta, ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a can. Wasu farfesoshi suka ce shi ke nan, an zubar da darajar jami'a.

Ita kuwa sai ta tattara takardun gwajin sababbin ɗalibai kimanin 4,000, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba maki take bayarwa ba, dalilin kowane kuskure take nema. Abin da ta gano shi ne littafinta Errors and Expectations na 1977, kuma a nan nake so mu daɗe.

Ta nuna cewa kuskuren ɗalibi yana da tsari. Wanda ke yar da harafin ƙarshen kalma, abin da kunnensa ke ji a unguwarsu yake rubutawa. Wanda ke sa waƙafi barkatai, inda yake jan numfashi a magana yake sa shi. Wanda jimlarsa ta sarƙe tun daga tsakiya, sau da yawa harshen manyan littattafai yake ƙoƙarin kwaikwaya bai saba ba. Kurakurai ashirin a shafi guda, in ka tsefe su, ba su wuce iri uku ko huɗu ba.

Ku duba namu. Bahaushen da ke musanya p da f a Turanci ba daƙiƙi ba ne, Hausa ce ba ta rarrabe su. Wanda ya rubuta "shine" maimakon "shi ne", ko "ya na" maimakon "yana", ƙa'ida guda ce ta raba kalmomi ba a taɓa zaunar da shi a kanta ba. Mu kuma mu zana masa ja sau goma, mu cire maki goma, alhali ciwo ɗaya ne. Ya karɓi takardarsa kamar an yanka kaza a kai, bai ƙaru da komai ba sai tsoron biro.

Za a ce aji ya yi yawa. Gaskiya ne, amma wa ya hana a raba shi? Wasu masana ma sun zargi Shaughnessy da fifita daidaitaccen harshe a kan harshen gida. Ɗalibinmu dai da daidaitaccen zai nemi aiki.

Buƙatuna uku ne, kuma ba yau na fara faɗa ba. A daina jibga darasin rubutu na shekarar farko a kan ƙananan malamai, farfesa ma ya shiga. A sa kowane ɗalibi ya yi rubutu duk mako, ya gyara, ya sake kawowa. Sannan takardun jarrabawar da ke shan ƙura a ɗakunan ajiya, a ba mu mu nazarce su, a kuma lissafa wannan aiki wajen ƙarin girma.

Shaughnessy ta rasu a 1978, tana da shekara 54, shekara guda bayan fitowar littafin. Takarda 4,000 ta ishe ta. Mu da muke da buhuna, me muke jira?