Kaka Ta Sauka, An Kifa Littafi

Tun 1993 doka ta halatta wa iyaye koyar da 'ya'yansu a gida a duk jihohin Amurka 50. Teburin cin abinci ne aji, uwa ce malama. Sai ga kaka ta sauka da akwatinta. Shi ke nan, an kifa littafin lissafi, yara sun yanyame ta, uwa tana ƙorafin jadawali ya wargaje.

Ni kam ban ga abin tayar da hankali ba. A yi lissafin da sassafe, sauran yinin a bar mata jikokinta, su auna fulawa tare a kicin, ta lissafo musu dangi. Jihar Pennsylvania, alal misali, kwana 180 na karatu take nema a shekara, ko adadin sa'o'in da ta ƙayyade. Abin da aka rasa sai a rama lokacin hutu.