Wayar Malama a Ajin Firamare

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, manhajar darussa kyauta, har da na Hausa a ciki. Madalla. Sai dai a hannun wa za ta fi amfani?

A ganina, hannun malami. Ku leƙa ajin firamaren gwamnati: yara maƙil a tabarma, allo ya koɗe, ba wuta. Zancen kowane yaro ya riƙe waya bai ma taso ba. Amma malama ɗaya mai waya tana iya sauke labari mai hotuna daga African Storybook, inda akwai labarai da Hausa, ta kwafe shi a allo, tana karantawa tana nuna kowace kalma, yara na amsawa. Da dare ta kalli bidiyon koyar da rabawa, da safe ta shigo da marafan kwalba 12, ta ce Ladi ta kasa su kashi 3. Yarinyar da ta kasa su da hannunta da wuya ta manta cewa amsar 4 ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin data. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba adalci ba ne a bar masa wannan nauyi. Amma akwai mafita: manhajar Kolibri tana aiki ba intanet, muddin an loda mata darussa. Hukumomin ilimi na jihohi, wato SUBEB, su loda wa makarantu, su kafa sola ta caji, su kuma horar da malamai lokacin hutu.