FASHIN TEKU: HUKUNCINSA A DOKAR ƘASA DA ƘASA DA KUMA A SHARI'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa teku domin jirage su gudana a cikinta da izininSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu girma, mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu da teku, mu da muke zaune a tudu, wasunmu ma ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Kwara ko Binuwai faɗi ba? Amsa ita ce sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku ake ɗauko su. Alkamar da ake yi mana burodi da ita, da magani, da kayan gyaran mota, sai sun sauka a Apapa ko Kwatano ko Lome kafin su iso Kano ko Maraɗi. Idan hanyar ruwa ta zama abin tsoro, masu jirage sukan ƙara kuɗin dako, kamfanonin inshora su ƙara nasu, a ƙarshe talakan da ya je kasuwa shi zai biya. Kwace jiragen ruwa kuma tsohuwar ɓarna ce, domin a Suratul Kahfi, aya ta 79, an ba mu labarin sarkin da yake ƙwace jirage da ƙarfi, wanda saboda shi ne Halliru ya huda jirgin miskinan nan.

Dokar da ake aiki da ita a yau ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sanya wa hannu a ƙasar Jamaika a shekarar 1982, ta fara aiki a 1994. Ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan ruwan da ya kai mil 12 na teku daga gaɓarta, wato kimanin kilomita 22. Sashe na 101 kuwa ya gindaya sharuɗɗa kafin a kira aiki fashin teku: ya zama an yi amfani da ƙarfi, ko an tsare mutane, ko an wawushe dukiya, an yi shi don biyan buƙatar kai, mutanen wani jirgi mai zaman kansa ne suka auka wa wani jirgin daban, sannan abin ya faru a wajen ruwan kowace ƙasa. Idan waɗannan suka cika, sashe na 105 ya halatta wa kowace ƙasa ta kama jirgin da mutanensa, kotunanta su yanke hukunci, ko da ba ɗan ƙasarta aka zalunta ba. Sai dai jirgin yaƙi ko na gwamnati da aka ba izini shi kaɗai yake da wannan hurumi. Dalilin wannan sassauci shi ne tun ƙarnoni da suka wuce masana doka suna ɗaukar ɗan fashin teku a matsayin maƙiyin 'yan Adam duka.

To amma a cikin sharuɗɗan nan akwai giɓi. A watan Oktoba na 1985 wasu 'yan wata ƙungiyar Falasɗinawa suka ƙwace jirgin fasinja na Italiya mai suna Achille Lauro, suka kashe mutum ɗaya. Da yake sun shiga ne a matsayin fasinjoji, babu jirgi na biyu, manufarsu kuma ta siyasa ce, sai aka yi ta saɓani ko abin ya cika ma'anar fashin teku. Wannan ne ya haifar da Yarjejeniyar Rum ta 1988, wadda ta wajabta wa ƙasa ta gurfanar da mai laifi ko ta miƙa shi ga mai gurfanar da shi.

Giɓi na biyu shi ne iyakar mil 12. Abin da ya faru a cikinta fashi da makami ne na cikin gida, ƙasar da take da ruwan ce kaɗai za ta hukunta. To yaya ke nan idan ƙasar ba ta da hukuma? Haka ta faru a Somaliya bayan rushewar gwamnatin Siyad Bare a 1991. A watan Nuwamba na 2008 aka kama tankar Saudiyya mai suna Sirius Star da kimanin ganga miliyan 2 na ɗanyen mai, ba a sake ta ba sai a Janairun 2009 bayan biyan fansa. A cikin 2008 ɗin Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1816, wanda ya bai wa jiragen yaƙin wasu ƙasashe damar shiga ruwan Somaliya da yardar gwamnatin riƙon ƙwarya. Wannan izini ya ƙare a 2022.

Giɓi na uku, wanda ya fi muni, shi ne doka ta ce ƙasa tana iya hukuntawa, ba ta ce dole ba. A Nuwamban 2021 wani jirgin yaƙin Denmak ya yi musayar wuta da wasu mutane a mashigin tekun Gini, ya kashe huɗu, ya kama huɗu. Da aka rasa ƙasar da za ta karɓe su a yankin, sai aka saka uku a ƙaramin kwalekwale aka sallame su a Janairun 2022. Wannan mashigi kuwa ƙofar gidanmu ne. A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a nan aka ɗauke su. Nijeriya ta kafa dokarta ta yaƙi da fashin teku a 2019, kuma a Yulin 2021 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu saboda ƙwace wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin.

Idan muka koma ga littattafanmu na fiƙihu, wannan laifi yana ƙarƙashin babin Hiraba, wato tare hanya. Asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33, inda aka ambaci kisa, ko tsirewa, ko yanke hannu da ƙafa a saɓe, ko kora daga ƙasa. Malaman mazhabar Malikiyya sun siffanta muharibi da wanda ya tare hanya don hana wucewa, ko ya ƙwace dukiya ta yanayin da neman agaji yake da wuya. Wane wuri ne kuwa ya fi tsakiyar teku nisa da agaji? Imam Malik bai bambanta tsakanin cikin gari da wajensa ba, saɓanin Imam Abu Hanifa da ya sharɗanta wajen gari. Ya kuma bai wa shugaba zaɓi gwargwadon maslaha, sai dai wanda ya yi kisa, shi babu makawa a kashe shi. Aya ta 34 ta buɗe ƙofar tuba ga wanda ya miƙa wuya kafin a kama shi, haddi ya faɗi, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa.

Mu lura da abubuwa uku. Na farko, kariyar nan ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Ɗan kasuwa ko matuƙin jirgi wanda ba Musulmi ba, matuƙar yana da amana ko alkawari, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Na biyu, tsayar da haddi aikin shugaba ne ta hanyar alƙali da shaidu, babu wata ƙungiya ko wani mutum da zai ɗauki doka a hannunsa. Na uku, ba mu musun cewa an zalunci masuntan Somaliya da jiragen ƙetare suka kwashe musu kifi, ko mutanen yankin Neja Delta da malalar mai ta ɓata musu ruwa da gonaki. Kawar da wannan zalunci wajibi ne a kan hukumomi. Amma ma'aikacin jirgi ɗan Filifin ko Indiya da ya fito neman abincin iyalinsa, me ya yi da za a tsare shi watanni a daji ana cinikin ransa?

Saboda haka, ya 'yan'uwa, hukuncin mai tare jirgi a teku da mai tare mota a hanyar Birnin Gwari ɗaya ne a wurinmu, kuma ƙa'idar Shari'a ita ce mai taimako a kan laifi yana da rabonsa na zunubi. Wanda ya sayi man sata ko kayan ƙwace yana sane, da mai kai labari, da mai ajiye kuɗin fansa, duk su binciki kansu tun kafin ranar hisabi. Muna kira ga malamai da su karantar da babin Hiraba a majalisunsu, ɗalibanmu masu karatun lauya kuma su zurfafa a wannan fanni, domin kotunanmu suna buƙatar masana da za su iya tsayar da hujja a kan mai laifi ba tare da an zalunci wanda ba shi da laifi ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a tudu da teku, Ya shiryi shugabanninmu zuwa ga adalci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.